Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri kan motoci da baburan da suka fito daga masana'anta da aibi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufuri na Jamhuriyar Kamaru, Yawunde. Kwafi zuwa ga Ministan Kasuwanci, da Babban Daraktan Kwastan, da shugaban ANOR, hukumar kula da ingancin kaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Garwa, inda nake sana'ar sayar da kayan gyaran mota, sana'ar da ta sa nake wuni tare da kanikawa da direbobi da masu haya da babur. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun kiranyen da kamfanonin ƙera motoci ke yi wa motocinsu idan aka gano sun fito daga masana'anta da wani aibi mai iya halaka mutum, inda suke kiran masu motocin su kawo a canja musu abin da ya lalace ba tare da sun biya ko sisi ba. A ƙasashen da aka fara sayar da motocin, wannan saƙo yana iske mai mota har ƙofar gidansa. Amma da zarar an loda motar a jirgin ruwa ta nufo Duwala ko Kiribi ko Kwatano, sai saƙon ya tsaya a can, aibin kuwa ya biyo motar har zuwa Gaundare da Garwa da Marwa da Kusuri. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta ɗinke wannan ɓaraka, kuma ina ganin abin da za a ɗinke ta da shi yana hannun gwamnati tun tuni, wato lambar shasi.

Kusan kowace mota ta zamani tana da lamba ta haruffa da alƙaluma 17 wadda babu wata mota a duniya da ke da irinta, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ƙofa, kuma da ita kamfani ke gane ko mota tana cikin rukunin da aka samu da matsala. Amurka ta kafa dokar kare lafiyar masu shiga mota tun 1966, kuma hukumarta ta NHTSA tana da shafi a intanet inda kowa zai rubuta lambar motarsa ya ga ko akwai gyaran kiranye da ba a yi mata ba. Tarayyar Turai tana da tsarin sanar da kayayyaki masu haɗari mai suna Safety Gate, Faransa kuma ta buɗe shafin Rappel Conso a 2021. Mu ma a nan jami'in kwastan yana rubuta wannan lamba ranar da mota ta sauka, ana sake rubuta ta a takardar rajistar mota, sannan ana duba ta duk lokacin da aka kai mota bizit teknik, wato binciken lafiyar mota. Ofisoshi uku ke nan da lambar ke ratsawa, kuma mai mota yana fita daga kowannensu ba tare da an gaya masa cewa kamfanin da ya ƙera motarsa yana neman ta ba.

Zan ɗan daɗe a kan jakar iskar kamfanin Takata, domin ita ce ta fi kusa da mu. Wannan kamfani na Japan ya yi shekaru yana sayar wa Honda da Toyota da Nissan da Mazda da BMW da Ford da wasu da dama na'urar da ke hura jakar iskar da ke cikin sitiyari da ta gaban fasinja. A cikin na'urar akwai wani sinadari, amoniyam naitiret, wanda aikinsa shi ne ya ƙone cikin ƙiftawar ido ya fitar da iskar da za ta cika jakar idan an yi karo. Bincike ya nuna cewa idan sinadarin ya daɗe yana shan zafi da laima, yana sauya yanayi, sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, ya fasa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya da ƙirjin wanda aka sa jakar domin ta kare shi. Ƙaramin karo ma, irin wanda mutum zai fito ya duba bamba ya kama hanyarsa, ya isa ya tayar da ita. A jihar Fulorida ta Amurka, a 2014, 'yan sanda sun fara binciken mutuwar wata mata a matsayin kisan kai, saboda raunukan da ke wuyanta sun yi kama da sukar wuƙa, kafin daga baya a gane jakar iskar motarta ce, kuma wasiƙar kiranye ta isa gidanta ne bayan ta rasu. Honda ta fara kiranye a kan wannan matsala tun 2008, amma sai da aka kai ga kimanin na'urori miliyan 67 a Amurka kaɗai, da kimanin miliyan 100 a duniya. A 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye gaskiya a gaban kotun Amurka, ya amince da biyan dala biliyan 1, kuma a watan Yunin 2017 ɗin ya bayyana cewa ya karye.

Kamfanin ya tafi, amma na'urorin suna nan cikin motoci, kuma kullum tsufa suke ƙara yi. A watan Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da masu RAV4 na 2004 da 2005 a Amurka da su daina tuƙa su gaba ɗaya har sai an gyara. Honda ta yi irin wannan gargaɗi a 2023 a kan wasu Accord da Civic da CR-V na farkon shekarun 2000, waɗanda gwaji ya nuna cewa a cikin mafi munin na'urorinsu, yiwuwar fashewa tana iya kaiwa ɗaya cikin biyu. Duk wanda ya tsaya a bakin tasha ko ƙofar kasuwa a kowane gari na arewacin ƙasar nan ya san cewa waɗannan sunaye da waɗannan shekaru su ne motocinmu, su malamin makaranta ke saye idan ya tara, su ɗan kasuwa ke kai iyalinsa ƙauye da su ranar salla. A Faransa, inda motocinmu da yawa suka fito, an umarci masu Citroën C3 da DS3 na kudancin ƙasar su ajiye motocinsu a watan Mayun 2024, kuma bayan mutuwar wata mata a garin Reims a watan Yunin 2025 aka faɗaɗa umarnin. Tsibiran Faransa masu zafi irin su Guadeloupe da Réunion sun riga sun yi asarar rayuka kafin nan, haka ma Maleshiya.

Wani zai ce ai arewa busasshiyar ƙasa ce, laimar da ake magana a kanta ta Duwala ce. Gaskiya ne hunturunmu a bushe yake, amma motar da ta iso mana ta riga ta yi shekara goma sha ko ashirin a duniya, wata ta yi aiki a kudu kafin a sayar da ita a nan, kuma a watan Agusta a bakin kogin Binuwai babu wanda zai ce babu laima. Game da zafi kuwa, a Maris da Afrilu ma'auni yana haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin motar da aka rufe aka bari a rana tun hantsi har la'asar, wadda sitiyarinta ba ya taɓuwa sai an yafa masa tsumma. Ƙasashe masu zafi sun taɓa zama inda aibi ke fara bayyana. Tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer sun yi ta ɓarewa a Saudiyya, har Ford ta canja su a can a 1999, shekara guda kafin a janye taya miliyan 6.5 a Amurka a watan Agustan 2000.

Yawan motocin da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Abin da nake tsoro shi ne, duk lokacin da ƙasashen can suka ƙara matsa wa masu irin waɗannan motoci, hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son wahala ita ce ya sayar wa dillali, dillali kuma ya san inda babu mai tambaya. Haka abin yake a ɓangaren kayan gyara, kuma a nan ina magana ne a kan sana'ata. Ana kawo mana sitiyari da allon gaba da aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai, da jakunkunansu a ciki, babu takardar da ke nuna daga wace mota aka ciro su. Bakanike mai kyakkyawar niyya zai iya cire lafiyayyar na'ura ya sa mai aibi, shi bai sani ba, mai sayarwa bai sani ba.

Wani malami maƙwabcina ya sayi mota da ta fito daga Amurka, sai ɗansa da ke jami'a ya kwafi lambar shasi daga gilashi ya rubuta a shafin hukumar can ta wayarsa, nan take ta nuna cewa akwai kiranye a kan jakar gaban fasinja kuma ba a taɓa gyarawa ba. A wannan kujerar ce maiɗakinsa ke zama, sau da yawa da goyo a cinya. Ya ɗauki hoton abin da wayar ta nuna ya je wani gareji da aka ce masa yana da alaƙa da kamfanin, aka karɓe shi da mutunci, aka ce masa motar ba ta hannunsu ta shigo ba, don haka ba ta cikin lissafinsu, amma idan yana so za a yi masa odar na'urar da kuɗinsa. Da ya ji farashin sai ya dawo unguwa, bakanikensa ya buɗe akwatin gaba ya zare wayar jakar ya naɗe bakinta da salatif. Yanzu motar tana yawo da wata 'yar fitila ja a kunne a gaban direba, babu jaka mai aiki a gefen fasinja, kuma malamin yana ganin ya zaɓi mafi sauƙin sharri biyu. Ban ga laifinsa ba. Gyaran da dokar ƙasar da motar ta fito ta wajabta wa kamfani ya yi kyauta, shi ne ya zama abin da albashinsa ba zai iya ɗauka ba, don kawai motar ta ƙetare teku.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan suka kuma samo mafita da kayan da ke hannunsu. Japan, daga watan Mayun 2018, ta daina ba motocin da ke da mafi haɗarin na'urorin Takata takardar wucewa binciken lafiyar mota sai an canja. A Jamus hukumar rajistar motoci tana ba kamfani adireshin masu motocin, kuma wanda ya yi ta ƙin kai tasa ana iya soke rajistarta. Wadda ta fi kama da mu ita ce New Zealand, domin ita ma tana shigo da motocin hannu da yawa daga Japan, kuma a 2018 ta wajabta kiranyen motoci kimanin 50,000, na hannu da sababbi, ta kuma rufe ƙofa ga duk motar da za a shigo da ita ɗauke da irin wannan na'ura ba a canja ba. Wannan mataki na bakin ƙofa shi ne na fi so ma'aikatarka da kwastan su fara da shi, domin shi ya fi arha, kuma nauyinsa yana kan mai shigo da mota, wanda zai iya sa a yi gyaran kyauta a can kafin a loda ta. Ƙasar nan tana da shirin tantance kaya kafin a loda su a jirgi, wato PECAE, tun 2016, a ƙarƙashin ANOR da aka kafa a 2009, saboda haka tunanin a duba kaya tun daga inda suka taso ba baƙo ba ne a wurinmu.

Motocin da suka riga suka shigo kuwa, cibiyoyin bizit teknik ne wurin da ya dace a kama su. Ma'aikacin da ke gwada birki da fitila da sitiyari zai iya ƙara minti biyu ya duba lambar a kwamfuta, ya buga wa mai mota takarda da ke gaya masa abin da ke damun motarsa da inda zai kai ta. Amma wannan takarda ba za ta yi amfani ba sai akwai inda za a kai motar, kuma a nan ne ake bukatar ƙarfin gwamnati. Duk kamfanin da ke da wakili a Kamaru, yana sayar da sababbin motoci ga gwamnati da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, ya kamata a zauna da shi a sa masa sharaɗin cewa zai gyara duk motar da ke ɗauke da tambarinsa idan tana cikin kiranye na ceton rai, ko ta hannun wa ta shigo, sannan ya karɓi kuɗinsa daga uwar kamfani. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 6 ga Mayun 2011 ta ce mai saye yana da haƙƙin a kare rayuwarsa da lafiyarsa, kuma ba ta ware wanda ya sayi na hannu ba. Ina kuma roƙon a tuna da nisa, domin daga Garwa zuwa Yawunde ya fi kilomita dubu, kuma ba hankali ba ne a ce wa mutum motarsa ba ta tuƙuwa sannan a ce ya tuƙa ta ya hau tsaunin Gaundare ya gangara kudu neman gyara. Canja na'urar aiki ne na awa ɗaya ko biyu, ayarin ma'aikata da mota ɗaya cike da kaya zai iya zama mako guda a kowane babban gari na jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa.

Akwai abin da nake so in faɗa a fili, ranka ya daɗe, domin direbobi sun roƙe ni kada in bar shi. Idan wannan tsari ya zo a matsayin sabuwar takarda da za a riƙa tambaya a shingayen hanya, to ya mutu tun kafin a haife shi, saboda mutane za su nemi takardar su bar gyaran. Mai motar ba shi ya ƙera aibin ba, bai kamata a ci shi tara a kansa ba, kuma bai kamata a tsayar da motar da yake ci da iyalinsa da ita ba sai an tabbatar kayan gyaran suna garinsa.

Batun babur ya fi wuya, kuma shi ya fi shafar talaka. A garuruwanmu babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko buhun masara daga gona. Yawancinsu daga Indiya da Sin suke zuwa, sababbi, a cikin kwali, wasu ta Duwala wasu ta kan iyakar Najeriya. Ana buɗe kwalin a ƙofar shago, a baje firam da ƙafafu da kan babur a kan tabarma, samari biyu su zauna da sifana su harhaɗa shi kafin azahar, su zuba mai a kwalba su tayar, mai saye ya zagaya da shi sau ɗaya ya biya ya tafi da rasit ɗin da wani lokaci lambar inji kawai ke jiki. Babu ma'aunin ɗaure noti, hannu ne ma'auni. Idan bayan wata biyu birkin gaba ya riƙe, ko walda ta tsage a wuyan firam, ko tanki ya fara yoyo a kan inji mai zafi, babu mai iya rarrabe ko laifin masana'anta ne, ko na wanda ya harhaɗa, ko na lodin da ya wuce kima, kuma babu wanda mai babur zai koma wa. Su kansu ƙasashen da ke ƙera baburan sun san ana samun aibi. Indiya ta gyara dokar motocinta a 2019 ta ba gwamnati ikon tilasta kiranye, kuma a 2021 kamfanin Royal Enfield ya kira babura sama da 236,000 a Indiya da wasu ƙasashe saboda matsalar kwayil ɗin wuta. Abin da ya dace a nan shi ne duk mai shigo da babura da yawa ya yi rajista da sunansa da adireshinsa, ya ajiye lissafin lambobin firam da dillalan da ya raba wa, kuma a ɗora masa alhakin sanar da ma'aikatarka duk lokacin da masana'anta ta sanar da shi wata matsala. Ƙungiyoyin masu haya da babur suna da shugabanni a kowace unguwa, sun san mambobinsu da lambar rigarsu, kuma saƙon da aka ba su da safe zai game gari kafin magariba.

Kanikawan babur kuwa su ne suka fi kowa saurin gane aibi. Idan wani sabon samfuri ya shigo kasuwa, kafin damina ta fita sun san wane ƙarfe ne ke karyewa a jikinsa, har sukan gaya wa mai saye ya canja shi tun bai hau ba. Wannan ilimi yana tsayawa ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda suke aiki. Da ofisoshin sufuri na jihohi za su ware lambar waya ɗaya da mutum ɗaya da zai riƙa karɓar irin wannan rahoto yana tarawa, da an ga inda ƙorafi ya taru a kan samfuri guda. Matsalar makunnin motocin General Motors, wanda ke kashe inji da jakar iska mota tana cikin gudu, wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne da injiniyoyin kamfanin suka san da shi kusan shekara goma kafin a kira motoci miliyan 2.6 a 2014, kuma asusun diyya ya amince da mutuwar mutum 124. Rahotanni a warwatse suke, shi ya sa aka daɗe ba a haɗa su ba.

Saboda haka ne nake roƙon a gyara yadda ake rubuta rahoton haɗari. Mu mutane ne da suka yi imani da ƙaddara, idan an yi rashi mukan yi haƙuri mu binne mamacinmu a ranar, kuma rahoto yakan tsaya a kan gudu ko barci ko ramin hanya. Idan jandarman da ya je wurin zai rubuta lambar shasi, ya duba ko jakar iska ta fito da yadda ta fito, ya ɗauki hoton sitiyarin, likita kuma ya rubuta idan ya ciro ƙarfe daga wuya ko fuskar wanda ya yi ƙaramin karo, to za a sami hujjar da gwamnati za ta aza a gaban kamfani. Ba tare da wannan ba, kamfani zai ce bai taɓa samun rahoto daga Kamaru ba, kuma zai yi gaskiya.

Sanarwa ma ta fito da harsunan da mutane ke ji. Tashoshin gidan rediyon ƙasa, CRTV, na Garwa da Marwa da Gaundare da rediyoyin al'umma suna magana da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da sauran harsunan yankin, kuma sanarwar da ta ambaci sunan mota da shekarar ƙira da wurin gyara da cewa kyauta ne, ta fi shafi guda na Faransanci a jarida isa ga direban tasha. Tun da da yawa daga cikin motocin da ke zuwa Cadi ta teku ta Duwala suke bi, su ratsa ƙasar nan su haye gadar Ngeli zuwa Njamena, kuma ƙasashen biyu suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, binciken da aka yi a tashar jirgin ruwa zai amfani 'yan'uwanmu na ƙetaren kogin Logon, kuma ya dace a miƙa wa hukumominsu jerin lambobin da aka samu da matsala.

Matakin farko da nake fata a gani kafin zafin bana ya kama shi ne ma'aikatarka ta rubuta wa wakilan kamfanonin motoci da ke ƙasar nan ta nemi jerin samfurori da shekarun da ke cikin kiranyen Takata, a gwama shi da rajistar motocin jihohin arewa uku, a wallafa adadin da aka samu, a kuma sa ranar da ayarin gyara zai fara sauka a Garwa. Mu masu sayar da kayan gyara da kanikawan garin nan a shirye muke mu ba da rumfa da hannu, mu kuma taimaka wajen nemo masu motocin.

Na gode da lokacinka. Allah ya taya riƙo.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai sayar da kayan gyaran mota,
Garwa, Jihar Arewa.